Wutar inji a PCX ɗina: inda aiki ya kwana

Asabar, 12 ga Yuli 2025

Jiya da yamma wutar inji ta kama a mashin ɗina, ina wajen Gada Biyu ana yayyafi. 'Yar fitilar nan ce ruwan lemo mai hoton inji, wadda a ƙa'ida takan kama in an murɗa makulli, ta ɗan jima kaɗan ta mutu. Wannan karon ta ƙi mutuwa. In na ja totur sai ta tsaya a kunne cak, in na tsaya a cunkoso sai ta shiga ƙiftawa. Mashin dai bai yi tari ba, bai mutu ba, ya kai ni gida Rikkos lafiya.

Honda PCX ne mai 125, ɗan Kwatano, cikin na farko-farko da suka fito wajen 2010. Ba shi da kafireto. Famfo ne a cikin tanki yake turo mai, nozul ya fesa, kwamfuta ta yanke yawan abin da za a fesa, tsarin da kamfanin ke kira PGM-FI. Ba shi da kik, kuma da yake belt ke jansa, turawa ba ta tayar da shi. Ranar da ya ƙi tashi sai dai a nemo Keke a loda shi.

Da safe na leƙa wurin bakaniken unguwa. Ko mita bai ɗauko ba, ya dubi wutar ya ce, "Yaya, buren bos ne. Sai dai a aika Kano." Kwamfutar mashin yake nufi. Ban ga laifinsa ba, yaron ya iya Bajaj da Jincheng ciki da bai. Tun da aka hana acaɓa a cikin Jos da Bukuru zamanin Gwamna Jonah Jang, da yawan masu gyaran babur sun koma Keke, waɗanda suka rage kuma kafireto suke gani kullum. Masu wayarin ɗin mota suna da na'urar karanta kwamfuta, amma soket ɗinta mai baki 16 ne, na wannan mashin kuwa baki 4 gare shi. Ga ni a tsakiya ke nan. Zan riƙa rubuta abin da na yi a nan, ko wani mai irin wannan mashin ya amfana.

Lahadi, 13 ga Yuli

Ƙiftawar ba haka kawai take yi ba, lamba take bayarwa. Doguwar ƙiftawa daƙiƙa 1.3 ce, tana nufin goma. Gajera daƙiƙa 0.3 ce, tana nufin ɗaya. Doguwa ɗaya da gajeru biyu 12 ke nan. Da ido kaɗai mutum yakan rikice, sai na ɗauki bidiyo da waya na riƙa kallo a hankali. Babu doguwa ko ɗaya. Gajeru bakwai, ta huta, ta sake bakwai.

A waɗannan mashinan, 7 layin sensar zafin ruwan inji ne. Da 1 ce, da sensar matsin iska ce. 8 ta totur ce, 9 ta zafin iskar da ke shiga, 12 nozul, 21 sensar da ke auna iskar oksijin a cikin hayaƙi, 29 bawul ɗin da ke riƙe silo, wato juyin inji in ba a taɓa totur ba. Ita kwamfutar kanta lambarta 33. Tunda ba 33 na gani ba, zancen aikawa Kano ya dakata tukuna.

Abin da nake so ya zauna a kan kowa shi ne, lambar ba ta ce sensa ta lalace ba. Kwamfutar ba ta ganin sensa, wutar da ke dawo mata ta waya kawai take gani. In wayar ta tsinke, ko soket ya yi tsatsa, ko sensar ce da kanta ta mutu, duk 7 za ta ƙifta. Saura kai ka bi layin ka gano inda ɓarnar take.

Da na zauna na yi tunani, akwai alamomin da suka riga wutar zuwa. Mashin ɗin yana da tsarin kashe kansa in an tsaya daƙiƙa uku, ya tashi da an taɓa totur. Tun farkon damina ya daina, na ɗauka batir ne ya fara sanyi. Mai ma ya fi saurin ƙarewa. Na kwance fulogi yau, bakinsa baƙi ƙirin, busasshen hayaƙi ya lulluɓe shi. Mai ya yi wa iska yawa ke nan.

Talata, 15 ga Yuli

Yau hutu ne na jana'izar tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari, wanda ya rasu ranar Lahadi a Landan. Allah ya jiƙansa. Rediyo na gefe ana kawo rahoto daga Daura, ni kuma ina tsugune a zaure da sukundireba.

Batir na fara aunawa, domin batir mai rauni yana sa kwamfuta ta yi ta ƙorafin ƙarya. A kashe bolt 12.5, da inji ya tashi ya haura 14 kaɗan. Lafiyarsa lau, caji ma yana shiga.

Daga nan sai jan soket ɗin nan mai baki 4 da ke kusa da batir, an toshe shi da murfi. In aka haɗa wayar ruwan ƙasa da ta nagetif sannan aka kunna makulli, kwamfutar takan zayyano duk lambobin da ta taɓa ajiyewa, har da na tuntuni. Akwai ɗan abin haɗawa na musamman da ake sayarwa, ni guntuwar waya na sa. A kula sosai, ɗaya daga cikin bakunan huɗu na ɗauke da wutar batir. Launin wayoyi kuma yana bambanta daga shekara zuwa shekara, shi ya sa sai da na duba zanen wayarin na littafin mashin ɗin kafin na taɓa komai.

Lambobi huɗu suka fito: 1, 7, 8, 9. Da farko gabana ya faɗi, sai na tuna cewa a wannan mashin sensar matsin iska da ta totur da ta zafin iska duk a gida ɗaya suke, soket ɗaya suke amfani da shi. Duk wanda ya zare wannan soket makulli na kunne, ko da wanke maƙogwaron totur zai yi, su ukun za su shiga rajista tare. Tsohon tarihi ne mai yiwuwa.

Gogewa ba wuya. Waya na haɗe ka kunna makulli, ka zare ta, wutar za ta kama ta tsaya, ka mayar kafin daƙiƙa 5 su wuce. In ta shiga ƙiftawa da sauri-sauri, ta goge. Na goge, na zaga ta Bauchi Road na dawo. 1 da 8 da 9 ba su sake leƙowa ba. 7 kuwa tun kafin na kai kwanar gida ta dawo, daidai lokacin da na faɗa wani rami.

Asabar, 19 ga Yuli

Na shiga Dilimi jin farashin sensa. Ta PCX babu. Wani mai shago ya ɗauko ta wata ƙaramar mota, ya gwada zaren da ido, ya ce, "Oga, za ta shiga, ka ɗauka kawai." Shiga kam za ta iya shiga, amma kowace sensa da yadda take amsa zafi. In lissafinta ya saɓa da wanda kwamfutar ta sani, wutar za ta mutu, mashin kuma ya ci gaba da shan mai ba daidai ba, babu mai gaya maka. Wannan ya fi wutar da ke kunne muni.

A bayan layin akwai wani dattijo mai wayarin, tun zamanin Fijo 504 yake sana'ar. Na gaishe shi na karanta masa abin da ke tafe da ni.

"Ɗana, ka auna ta?"

"Ban kwance ba tukuna, Baba."

"To me za ka saya? Sai an gwada akan san na ƙwarai. Je ka dafa ta, ka zo mini da lamba."

Lahadi, 20 ga Yuli

Kai wa ga sensar ya fi gwada ta wahala. Robobin jikin PCX a sarƙe suke, wannan ta danne waccan, kuma ƙananan haƙoran da ke riƙe su sun tsufa, da ka yi gaggawa sai ka ji ƙas. Sensar na jikin kan silinda, soket mai baki biyu. Sai da inji ya huce sarai na zuke ruwan lagireto a roba, sannan na kwance ta.

Uwargida ta hana tukunyarta, ta miƙo mini gwangwanin madara. Na rataye sensar da waya yadda bakinta kaɗai zai nutse, kada ta taɓa gindin gwangwanin, na sa ma'aunin zafi a gefe, mita kuma a kan om, ma'aunin juriyar da abu ke yi wa wutar lantarki.

Irin wannan sensar, duk sanda zafi ya ƙaru juriyarta raguwa take yi. A digiri 20 ana sa ran om 2,300 zuwa 2,600, a digiri 80 kuma wajen 320. Da ruwan sanyin safiyar nan, ma'auni na nuna 19, ta ba ni 2,520. Na kunna risho. Lambar ta riƙa sauka sannu a hankali, babu tsalle, babu yankewa. A 80 ta ba da 325. Ruwan ya tafasa ma'auni na kan 96, ya ƙi gaba. Ba ma'aunin ne ya lalace ba: Jos na bisa tsaunin da ya kai wajen mita 1,200, a nan ruwa ba ya jiran 100. Sensar a lokacin tana wajen 210.

Lafiyarta ƙalau. Na ƙwanƙwasa ta da bayan cokali tana cikin ruwan zafi ko za ta yi gardama, ko gezau. Laifin yana hanya ke nan, tsakanin soket da kwamfuta.

Alhamis, 24 ga Yuli

Na mayar da sensa da ruwa, na kai wa Baba mashin ɗin tsirara, robobinsa na gida. Ya karɓi takardar lambobin ya duba, ya gyaɗa kai, ya ce wa yaronsa ya kawo mita.

Da soket a zare, makulli a kunne, ya kamata a ga bolt 5 ko kusa da haka, tsakanin 4.75 da 5.25. Mun gani. Nan ne da yawa ke tsayawa su ce wayarin lafiya. Baba bai tsaya ba. Ya ce in zuba wa mita ido, shi kuma ya bi damin wayoyin da yatsu yana matsawa, yana lanƙwasawa, taƙi bayan taƙi. Da ya zo inda damin ya ratsa ƙarƙashin akwatin kujera, lambar ta ɓace, ta dawo, ta sake ɓacewa.

"Ga ɓarawon," in ji shi.

Salatif ɗin wurin ba irin na sauran ba ne, ya fi ƙyalli, ya yi danƙo, gefensa ya ɗago. Da yaron ya warware shi sai ga ɗigon ruwa ya gangaro. Wani can baya, ko a ƙasar da mashin ɗin ya fito ko a hanya, ya taɓa haɗa wayar da murɗawa kawai, babu dalma. Jan ƙarfen ya koma kore shar, ya yi gari-gari, kana taɓawa yana zuba a yatsa. Silin da suka rage a haɗe ba su fi a ƙirga da hannu ɗaya ba. Muka auna daga wannan gefen haɗin zuwa wancan, inda ya kamata a ga kusan sifili: om 400, in an motsa ya haura 900, in an ƙara motsawa layin ya yanke gaba ɗaya.

Wannan ya warware mini duk abin da ya faru tun farkon damina. Da sanyin safiya sensa na kan 2,500, ƙarin 400 ba ya canja komai sosai, shi ya sa mashin ke tashi lafiya. Amma in inji ya yi zafi sensa ta sauko 320, ka ɗora 400 a kai, kwamfuta 720 take gani. A lissafinta wannan zafin digiri hamsin da 'yan kai ne. Wato har abada injin bai gama ɗumi ba a wurinta. Sai ta ci gaba da ƙara mai kamar yadda take yi wa inji mai sanyi, fulogi ya yi baƙi, ta kuma ƙi yarda mashin ya kashe kansa a tsaye tunda sharaɗin hakan sai inji ya yi zafi. Duk wannan bai kunna wuta ba, domin digiri hamsin da wani abu lamba ce mai yiwuwa, kwamfuta ba ta da dalilin zargi. Sai ranar da ruwa da rami suka raba wayar ɗungurungum, lambar ta fita daga hankali, sannan ta yi magana.

Baba ya yanke ruɓaɓɓen wurin har sai da ya kai ga jan ƙarfe mai haske ta kowane gefe, ya sa sabuwar waya, ya narka dalma, ya rufe da robar nan mai tsukewa in ta ji wuta. Yana aikin yana mita, wai garin kuza guda, ga Makeri can inda ake narka ta a da, amma yau dalmar da zai liƙa waya sai an kawo daga China. Ya kuma ja mini kunne a kan masu wankin mota: kada in sake barin su su saita bakin injin feshin nan a ƙarƙashin kujera.

Asabar, 26 ga Yuli

Na goge lambar, na sa sabon fulogi, NGK CPR7EA-9, tazarar baki milimita 0.8 zuwa 0.9. Na bar murfin lagireto a buɗe inji na silo har kumfar iska ta daina fitowa, na cike, na rufe. Ruwan lagireto na gaske na zuba, ba na rijiya ba. Silo ya zauna daram, littafi ya ce juyi 1,700 ne a minti. A Terminus na tsaya, daƙiƙa uku mashin ya yi tsit, na taɓa totur ya tashi. Robobi sun koma, haƙori biyu sun tafi.

Asabar, 2 ga Agusta

Ana wata ga wata. Na ɗauko ƙanena za mu Lamingo, a kan hawa na buɗe totur sai mashin ya shaƙe, ya yi kamar zai mutu, na sassauta ya dawo. A shimfiɗaɗɗiyar hanya babu komai. Wuta kuma ba ta kama ba, na haɗa jan soket, babu lamba ko ɗaya.

Bakaniken unguwa ya ce tsaunin Jos ne, iska ba ta isa. Gaskiya ne iskarmu ta fi ta bakin teku sauƙi, matsinta wajen kPa 88 ne a nan, a Legas 101. Kowane inji yana rasa ɗan ƙarfi saboda haka. Amma aikin sensar matsin iska ke nan, ta gaya wa kwamfuta ta rage mai daidai da iskar, kuma tsaunin bai ƙara tsawo a makon nan ba.

Zargina ya tafi ga mai. A wannan mashin babu sensar da ke auna ƙarfin famfo. Kwamfuta na buɗe nozul na ɗan lokaci bisa zaton mai na zuwa da matsin kPa 294. In famfo ya gaza, ita ba ta sani ba, ba kuma za ta ƙifta komai ba. Ina kyautata zaton matsalar ta daɗe, ƙarin man da kwamfuta ke yi saboda ruɓaɓɓiyar waya shi ya rufa mata asiri. Da aka gyara waya, mai ya koma daidai, sai ta fito fili.

In na murɗa makulli famfon yakan yi kukansa na daƙiƙa biyu kamar kullum, sai dai muryar ta ɗan dishe.

Asabar, 9 ga Agusta

Maƙwabcin Baba mai wankin nozul ɗin motoci yana da agogon auna matsin mai. Kafin a zare tiyo sai an sauke matsin: a cire soket ɗin famfo, a tayar da inji har ya mutu da kansa, a cire kan batir na nagetif. Baba ya kori mai shayin da ke hura gawayi kusa da mu, ya ce ya matsa can. A silo allurar ta tsaya wajen 270. Da aka ja totur mashin na kan jaki ta faɗo kusa da 200, tana rawa.

Tankin PCX a ƙarƙashin wurin ajiye ƙafa yake, famfon na ciki. Da muka zaro shi, matatar da ke gindinsa ta koma ruwan ƙasa mai duhu, ta yi tauri. Na murza ta a farar takarda, sai ga jan turɓaya laushi-laushi, irin ta gefen titi. Muka zuke sauran man a gorar ruwa muka ajiye. Kafin mu gama shan shayi ya rabu biyu, mai a sama, a ƙasa ruwa mai kaurin yatsa, gurɓatacce.

Duk wanda ya leƙo sai ya ce irin man 2022 ne, wanda aka shigo da shi daga Antwerp ta Beljiyam, mai sinadarin methanol fiye da ƙima, ya jawo dogayen layuka a Abuja da Legas a watan Fabrairu. Wannan ba shi ba ne. Ruwa ne da ƙasa, abin da jarka da mazurari ke tarawa a bakin titi lokacin damina. Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023, yawancinmu lita ɗaya ko biyu muke zubawa, sau da yawa wurin 'yan bumburutu in dare ya yi. Kafireto na haƙuri da wannan, in ya toshe a kwance a busa. Famfo ba ya haƙuri. Man da yake ciki shi ke sanyaya shi, tanki in kullum a ƙasa yake, famfon na aiki da zafi yana kuma tsotsar laka.

Mun wanke tanki mun shanya. Nozul mun auna, wajen om 12, feshinsa kuma lafiya. Na yi waya Kano a nemo matata.

Asabar, 16 ga Agusta

Matata ta iso ta hannun direban tasha ranar Alhamis. Famfon da kansa bai mutu ba, da sabuwar matata da mai mai tsabta allura ta hau 290 ta zauna, ko an ja totur ba ta motsi sosai. Kukansa ma ya washe.

Na je Bukuru na dawo, jiya kuma na sake hawan Lamingo da ƙanena a baya, totur a buɗe, bai shaƙe ba. Na haɗa jan soket da yamma, wutar ta kama ta tsaya ba ƙiftawa, wato babu abin da ke ajiye. Fulogi ya fara komawa ruwan toka-toka mai ɗan ja.

Abu biyu suka rage. Robar da ke tsakanin famfo da tanki tsohuwar muka mayar don ba a samu sabuwa ba, kuma in tanki ya cika ina jin ɗan warin mai ta ƙasa, saboda haka rabi nake zubawa, a waje kuma yake kwana, ba a zaure ba. Sannan belt, wanda ake canjawa duk kilomita 24,000, ban ga alamar an taɓa shi ba tun da mashin ɗin ya zo hannuna. Na ce a haɗo su tare daga Kano. Direban ya ce Talata in Allah ya yarda.